Gani Ya Kori Ji? Ba Kullum Ba

Ya ku 'yan makarantar Anka da Gummi da Bukkuyum, kun sha jin manya suna cewa gani ya kori ji. Mu kuwa mun ce in dai ganin hoton majigi ne, a yi hattara, ga kuwa hujjarmu.

A Amurka, cikin 1911 kamfanin Pathé ya fara nuna labarun mako a gidajen sinima, jama'a suka ɗauka abin da ido ya gani ba ya ƙarya. Alhali tun 1906, da girgizar ƙasa ta rushe birnin San Faransisko, kamfanin Biograph ya gina ɗan ƙaramin gari na wasa, ya cinna masa wuta, ya ɗauki hotonsa, aka nuna wai birnin ne ke ci. Cikin 1914 kuma kamfanin Mutual ya ba Pancho Villa, madugun 'yan tawayen Meksiko, dala 25,000 don su kaɗai su ɗauki yaƙinsa. To, wanda ya sayi yaƙi da kuɗinsa, zai nuna abin da zai ɓata masa haja?

Kada ku ce wannan can nesa ne. Cikin 1939 Ingila ta kafa ma'aikatar majigi ta ƙasashen da take mulki, William Sellers, wanda ya yi aikin lafiya a Ikko, shi ne shugabanta. Motoci suka riƙa zaga garuruwan Arewa, in dare ya yi a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna sojan Ingila da noman gyaɗa da auduga, tafinta na ta bayani. Ba mu ce majigi bai koya wa mutane tsabta ba, ya koya. Amma wa ya ga an haska talakawan da aka tilasta wa haƙar kuza a Jos daga 1942? Mai majigi ya nuna abin da ya so, ya rufe abin da ya ƙi.

Yau majigin ya shiga aljihu. Hoton wani gari ko na wata shekara sai a turo a waya, a ce jiya aka yi a ƙauyenku, kafin gari ya waye an zare wuƙa a kan maƙwabci. Saboda haka kowane hoto ya zo muku, ku tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa ya biya, me kuma aka bari a bayan na'ura? In ba amsa, kada ku tura wa kowa. Ilmin da kuke nema ke nan. Allah ya sa mu gane, amin.