Ba Aljanu Ba Ne, Ba Kuma Batir Ba

Da hunturu mutum kan sauko daga mota, ya taɓa ƙofa, sai ya ji wuta ta ja shi. Wasu su ce aljanu ne, wasu su zargi batir, alhali ƙarfinsa bolt 12 ne kacal. Gugar tufafi da kujera, musamman na nailan, ita ke tara lantarki a jiki, busasshiyar iska kuwa ta hana shi zurarewa. Maganinsa shi ne ka riƙe ƙarfen ƙofa tun kafin ka tashi, har ƙafarka ta taka ƙasa. A ganina bai kamata a raina wannan ba, domin a gidan mai ɗan tartsatsin nan na iya kunna tururin fetur. Rigakafi dai ya fi magani.