D'Tigers ta 2012, 2015 ko 2021: wacce ta fi ƙarfin benci a baya?

Idan kana bin ƙwallon kwando a waya, ka san wannan gardamar. Wani zai ɗora hoton Gabe Vincent a Facebook ya rubuta cewa Najeriya ba ta taɓa haɗa tawaga irin ta 2021 ba. Kafin ka shanye shayinka wani ya sauko masa da hoton Chamberlain Oguchi rungume da kofi, ya ce su dai 'yan 2015 ne suka kawo wani abu gida. Daga nan sai baƙar magana. A majalisarmu ta Dinawa ma an taɓa kwana a kanta, har wani ya ce mu bar zancen, wai ai wasan dogaye ne, mu gajeru mi ya kai mu? Riƙe wannan maganar tasa, za mu dawo kanta.

Bari mu fara da waɗanda ake gardamar a kansu. Mutum biyar kowace tawaga ke sakawa a fili. Biyu daga ciki su ne 'yan baya, lamba ɗaya da lamba biyu. Lamba ɗaya shi ne direba: shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsallake da ita tsakiyar fili, ya duba wa ya kamata a ba. Lamba biyu kuwa aikinsa jifa daga nesa, wadda ke kawo maki uku. A wasannin ƙasa da ƙasa minti 40 ake yi, kuma wanda ya yi keta sau biyar ya fita ke nan. Ga gasa ana buga ta kusan kullum. Don haka idan za ka auna tawaga, kada ka tsaya kan tauraronta. Tambayi kanka: idan direban ya gaji, ko ya ji ciwo, ko alƙalin wasa ya kore shi, wa zai karɓi sitiyari?

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da wannan ma'aunin.

Tawagar 2012 ita ta fara kai mazan Najeriya gasar Olamfik a kwando. Ƙarƙashin koci Ayo Bakare, ta doke Lituweniya da Girka da Jamhuriyar Dominika a wasannin neman gurbi a Karakas. Ƙarfinta yana wurin manya: Ike Diogu, Al-Farouq Aminu, Olumide Oyedeji. A baya kuwa nauyin yana kan Tony Skinn da Ade Dagunduro da Oguchi. Skinn ɗan wasa ne na gaske, wanda ya taimaka wa jami'ar George Mason ta kai zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 2006, kuma har yau bidiyon yankan da ya yi wa James Harden a Landan yana yawo. Amma bidiyon ba ya nuna maka allon maki. Amurka ta ci wasan 156 da 73, da jifa mai maki uku har 29. Wasa ɗaya tal muka ci a Landan, kan Tunisiya. Duk lokacin da Skinn ya zauna, sai ka ga ƙwallo ta rasa mai ita.

A 2015 lissafin ya canza. Koci Will Voigt ya je Tunisiya da Ben Uzoh, mai haƙurin raba ƙwallo, ga Michael Umeh yana canjinsa, ga Michael Gbinije wanda a lokacin ɗalibi ne a jami'ar Syracuse, ga Oguchi yana jifa. Diogu, babban ɗan wasan tawagar, bai buga ba saboda rauni, amma jirgin bai nutse ba. Ranar 30 ga Agusta Najeriya ta doke Angola 74 da 65, ta ɗauki kofin Afirka na maza karo na farko, kuma har yanzu shi ne kaɗai. Oguchi, ɗan baya, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Lura da wannan: an rasa dogo mafi suna, 'yan baya suka riƙe gida.

Sai 2021, abin alfaharin 'yan TikTok. Koci Mike Brown yana da Vincent na Miami Heat, Josh Okogie na Minnesota, Miye Oni na Utah, ga Caleb Agada da Obi Emegano. Ranar 10 ga Yuli a Las Vegas suka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta, da jifa mai maki uku guda 20. Vincent ya ci maki 21, Agada 17. Ƙasar da aka lallasa da tazarar maki 83 shekara tara baya ita ce ta rama. Amma da aka je Tokyo, inda ake lissafi, Ostareliya da Jamus da Italiya duk sun doke mu.

To wacce ta fi? In ƙirga kawuna ne, 2021 ta wuce kowa, babu musu. In kuwa dacewa ce, ni dai 2015 nake ba. 'Yan bayan 2021 yawancinsu maciya ne, kowa ya iya jifa, amma idan wasa ya yi zafi a minti biyar na ƙarshe babu wani irin Uzoh da zai ce kowa ya natsu. Direbobin tsere biyar ba sa maye gurbin direba ɗaya da ya san hanya. Kuma ka yi wa 'yan 2012 adalci: sun zo lokacin da ake gina tawaga kan dogaye, kafin jifar nesa ta mamaye wasan kamar yadda ta yi yanzu. Auna su da yawan jifar yau zalunci ne.

Yanzu ga abin da masu gardamar ba sa taɓowa. Sake duba sunayen nan. Skinn, George Mason. Uzoh, jami'ar Tulsa. Umeh, Las Vegas. Gbinije, Syracuse. Vincent, Santa Barbara. Okogie, Georgia Tech. Oni, Yale. Agada, jami'ar Ottawa a Kanada. 'Ya'yanmu ne, jininmu ne, sun zaɓi rigar kore da fari alhali ba dole, kuma sun cancanci godiya. Amma ba mu muka raine su a fili ba. Ashe duk gardamar da muke yi, muna kwatanta abin da jami'o'in Amurka da Kanada suka noma ne a zamuna uku. Ko a ɓangaren mata, Ezinne Kalu da ta ja D'Tigress zuwa zagayen takwas na ƙarshe a Paris a 2024, a Amurka aka haife ta, a can ta yi jami'a.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dogo ana iya tsintarsa a makare. Hakeem Olajuwon sai da ya kai shekara goma sha biyar zuwa sama ya fara kwando a Legas, ya kuma zama gwarzon duniya. Lamba ɗaya ba ya samuwa haka. Sai yaron da ya tashi da ƙwallo a hannu, hagu da dama, ya buga ɗaruruwan wasanni, ya ɓarar da ƙwallo sau dubu har ya koyi karanta fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan kuwa aikin makarantu ne da jami'o'i da gasar cikin gida da ba ta tsayawa.

Zanen aro ba ya rufe katara. Rikicin shugabancin hukumar kwando ta ƙasa ya kai ga gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya a Mayun 2022. An janye matakin daga baya, amma mata sun riga sun rasa gurbinsu a gasar kofin duniya, maza kuma ba su je ta 2023 ba, ba su je Paris ba. Ɗan wasan da ke da kwantiragi a waje, idan gida ya rikice, ba laifinsa ba ne in ya zauna inda yake. Manomin albasa a fadamar Wurno ko bakin madatsar Goronyo ya san wannan karatun: wanda bai zuba irinsa ba, dashe zai saya a hannun wani, a farashin da aka yanka masa, ranar da mai shi ya ga dama.

Dubi Angola. A gasar Afirka ta Agustan 2025, Okogie da Agada sun ja mu mun ci wasannin rukuni uku, Senegal ta fitar da mu a zagayen takwas na ƙarshe. Angola ta doke Mali 70 da 43 ta ɗauki kofinta na 12. Wa aka zaɓa gwarzon gasar? Childe Dundão, lamba ɗaya, wanda ƙungiyar Petro de Luanda ta raina a gida. Tsayinsa mita 1.67. Tashi ka jingina da bango ka auna kanka. Abokinmu na majalisa da ya ce wasan dogaye ne, wallahi ya fi Dundão tsawo.

Kuma Arewa ba baƙuwar wannan harka ba ce. A Zariya, koci Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara kwando a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a 2016. Inda aka sami fili da malami mai naci, 'ya'ya sun fito.

Saboda haka ga aikin gida. Ƙirga filayen kwando masu zobe biyu lafiyayyu da ka sani tsakanin Dinawa, Wurno, Rabah da Goronyo. Idan kana karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko jami'ar jiha, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, je ofishin wasanni ka tambayi wasa nawa tawagarku ta buga bara, kuma mutum nawa ke iya riƙe lamba ɗaya. Idan ɗan takara ya zo raba rigunan ƙwallo, ku ce a ƙara da siminti da zobe a makarantar sakandare. Ke ma 'yar'uwa maganar ta shafe ki, domin 'yan matan D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025.

A ci gaba da gardamar 2015 da 2021, tana da daɗi, ni ma ban daina ba. Amma duk wanda ya sake ɗora hoton, ka rubuta masa a ƙasa: cikin 'yan bayan da za su buga mana nan da shekara goma, nawa ne yanzu haka ke dunƙule ƙwallo a wani fili a Sakkwato?