WASIƘAR AKAWUN BOMPAI: GIDAN ƊAN HAUSA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai zancen wani gida wanda da yawanmu mu ke wucewa ta kusa da shi ba mu taɓa leƙawa ba.

Mu da mu ke aiki a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, kwana shida ba mu ganin kome sai ƙarfe da hayaƙi da littafin lissafi. To, da sanyi ya fara ja da baya, mangwaro ya yi fure, zafin bazara kuwa bai kankama ba, sai na ɗebi uwargida da yara ran Asabar, muka tafi Nasarawa, Gidan Ɗan Hausa. Daga Bompai ba wata tafiya ba ce.

Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer, mutumin Suwizalan, an haife shi a 1876. Da aikin Mishan ya fara zuwa ƙasar nan, sa'an nan ya koma aikin Gwamnati. A 1906 ya ƙetare Sahara tare da ayari, daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma har Barno. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, inda a ke koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da Hausa, a ke kuma koyar da sana'a. A 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. Watau ko wannan wasiƙa da ku ke karantawa tana da dangantaka da gidan nan. A lokacinsa Nasarawa bayan gari ce, wajen gonakin Sarki. Yau birni ya haɗiye ta, gidan kuwa yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Akwai tsofaffin hotuna da kayan mutanen dā a ciki, yara sun sha kallo. Amma ni ginin ne ya riƙe ni. Da rana tsaka muka shiga, sai muka ji sanyi tamkar an buɗe randa, ba fanka ba inji. Uwargida ta dafa bango ta ce, “Maigida, ashe ƙasa ta fi siminti mutunci!” Tubali ne da azara, bango mai kauri, rufin kuwa bakan gizo ne ya ɗauke shi, ga zankwaye a bisa, ga zane a fuskar gida. Babban ɗana ya tambaye ni yadda ƙasa ta ke tsayawa sama da shekara ɗari ruwa bai cinye ta ba. Na ce masa ba tsayawa ta ke yi don kanta ba, hannu ne ya ke tsai da ita. Kafin damina sai magini ya hau ya duba indararo, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe da makuba. Laso kuwa, wanda a kan shafe rufi da shi, da katsin marina da dafara da gashin akuya na majema a ke haɗa shi. Ku duba, mutanen Challawa, gashin da ku ke kankarewa daga fata, dā rufin soro ya ke tsarewa.

Abin da ya dame ni ke nan. Maginan da suka san wannan aiki suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Wanda ya ga yadda ganuwar Kano ta zube a wurare da yawa ya san abin da damina ta kan yi wa ginin da aka bari.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su kai almajiransu kafin ruwa ya sauka, su kuma nemi tsohon magini ya tafi tare da su, ya nuna musu yadda a ke ɗaura azara. A tafi da safe, a riƙe ruwan sha. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Bompai, Kano.