Tarawa da Ɗebewa: A Fara Daga Tsakar Gida

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato idan yaro ya kasa lissafi sai iyaye su ɗora wa malami laifi, malami ya ɗora wa gwamnati, gwamnati kuma ta ce iyaye ne ba su damu ba. Ana cikin wannan jifan juna sai yaro ya gama aji shida, idan aka ce masa bakwai a tara da takwas ya sunkuyar da kai yana lalubar yatsu. Abin da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai gare shi a wannan ɗan rubutu shi ne, tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi aikin gida ne tun kafin ya zama aikin aji, kuma da harshen gida ya kamata a fara shi. Zan kafa hujja da Fagge da Sabon Gari, domin a duk faɗin Kano da wuya a sami inda lissafi yake gudana a bakin mutane kamar nan.

Fagge tun asali zango ne na fatake a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma daga Arewa ke sauke kaya. Sabon Gari kuwa an kafa shi a 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A wannan yanki ne Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, suke. Kafin a shigo da naira a 1973, kakanninmu da fam da sule da kwabo suke ciniki: kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ga taro, ga sisi. Yaron da aka ba sule ya sayo abin taro da abin sisi, ya san lalle taro zai komo da shi gida, in ba haka ba ya sha faɗa. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce yau darasin ɗebewa za a yi. Aike ne ya koya masa, kullum ta Allah, da lambobi daidai ƙarfin kansa.

To, wannan makaranta ta aike ta kusa rufewa. Kwabo ya ɓace, naira biyar da naira goma ba su sayen abin kirki, saboda haka yaron yau da ɗari da ɗari biyar yake fara riƙe kuɗi, lambobin da yake jin sunansu amma bai san cikinsu ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 kuma, mutane da yawa sun koma biya ta waya ko ta na'urar cire kuɗi, mai kanti ya danna kalkuleta, ba canji ba ƙirga. Ɗaya zuwa ashirin, waɗanda su ne tushen dukkan lissafi, sun daina bi ta hannun yaro. Aji kuwa kowa ya san halin da yake ciki, har Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Malamin da ɗalibai suka cika masa aji maƙil, komai himmarsa, ba zai zauna da kowane yaro ya ga inda ya kakare ba. Idan kasuwa ta daina koyarwa, aji kuma ya cika, ai saura gida.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu masu nazarin Hausa. Duk wanda ya dubi ƙidayar Hausa da idon basira zai ga tarawa da ɗebewa a cikin sunayen lambobin kansu suke. Idan Bahaushe ya ce goma sha uku, ko ashirin da biyar, ya riga ya yi tarawa, domin ya ambaci goman daban ya ambaci abin da ya hau kanta. Idan kuma ya ce ashirin ba ɗaya, ko talatin babu biyu, ko ɗari ba ɗaya, to ɗebewa ya yi, ya hango cikon adadi sa'an nan ya rage. Maƙwabtanmu Yarabawa na Sabon Gari ma haka suke yi, daga ashirin suke ragowa su sami goma sha shida zuwa goma sha tara. A Ingilishi kuwa, sunan goma sha ɗaya da na goma sha biyu ba su nuna wa yaro goman da ke cikinsu, sai dai ya haddace su haka nan. Abin takaici, wannan salo na "ba ɗaya" da "babu biyu" ya fara ƙaranci a bakin matasa. Idan ya mutu, an yi hasarar kalma, an kuma yi hasarar dabarar lissafi.

Wani zai ce ai makaranta za ta kula da wannan. Bari mu dubi tarihi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Tun kafin nan, a 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara shekara shida ta firamare da Yarabanci, aka kuma ga ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba, har ma sun fi su a fannoni da dama. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka koma Ingilishi tun daga tushe. Ko mutum ya goyi bayan wannan hukunci ko bai goya ba, abu guda ya tabbata: inda yaron Fagge zai ji lissafi da Hausa yanzu shi ne gidansu.

Akwai kuma masu cewa yaranmu ai gwanaye ne, a dubi 'yan talla yadda suke ba da canji ba kuskure. Gaskiya ne, amma da sauran magana. A 1985 wasu masana sun binciki yara masu sayar da kaya a titunan birnin Recife na ƙasar Barazil, suka tarar suna warware lissafi da ka a wurin ciniki, amma idan aka rubuta musu shi a takarda sai su kasa. A 2025 an buga wani bincike makamancin wannan a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, aka sake ganin haka, aka kuma ga 'yan makaranta da suka iya na takarda suna daburcewa idan aka kawo musu na ciniki. Wato lissafin kasuwa da lissafin allo ba su haɗuwa da kansu, sai an sami mai haɗa su. Saboda haka kada wani ya fake da wannan ya ɗora wa 'yarsa faranti a lokacin makaranta. Abin da talla ke koya mata na ƙirga, uwa za ta iya koya mata shi a tsakar gida ba tare da ta jefa ta cikin haɗarin titi ba.

Yaya za a yi? A ganina matakai uku ne, kuma ba mai bukatar ko anini. Na farko, abu a hannu: ƙwallon dabino, ko tsakuwa, ko murafen kwalba guda goma. A raba su gida biyu a tambayi yaro, nan uku, can nawa? A rufe wasu da ƙoƙo a ce nawa suka ɓuya? Da haka zai gane cewa uku da bakwai, da huɗu da shida, da biyar da biyar, duk goma suke bayarwa, kuma wanda ya san uku da bakwai goma ne ya riga ya san goma a ɗebe uku saura bakwai. Na biyu, a janye kayan a koma baki, a cikin hidimar gida: mutum shida za su ci tuwo, an kawo kwano huɗu, saura nawa? Raka'o'in Magariba da na Lisha idan an haɗa nawa ke nan? Wasan carafke na 'yan mata da dara ta maza duk ƙirga ne, a bar su su yi. Na uku, a rubuta abin da yaro ya riga ya sani da alƙaluman boko, ko a allo ko a ƙasa da tsinke, domin ya ga cewa abin da malam ke rubutawa a aji shi ne dai dabinon jiya. Minti goma a rana ya isa, da yayyafi kogi kan cika. Amma a ajiye bulala. Yaron da aka doka a kan lissafi tsoronsa yake koya, kuma wannan tsoro kan bi mutum har girma.

Kada a ce iyaye mata da yawa ba su yi boko ba. Matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin a ka, ta san wadda ta zuba da wadda ta ɗauka, ba ta bukatar takardar shaida kafin ta koya wa ɗan shekara biyar cikon goma. Abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai gaya mata cewa abin da ta sani ilimi ne. Haka kuma kada a ji tsoron Hausa za ta rikita wa yaro Ingilishi. Wanda ya fahimci cewa takwas da biyar goma sha uku ne, sauya wa lambobin suna aikin 'yan kwanaki ne. Iyalan Ibo da Yarabawa na Sabon Gari su ma su yi da nasu harsunan, hujjar ɗaya ce.

Daga ƙarshe, ina kira ga wannan sashe namu. Muna rubuta kundaye a kan karin magana da waƙa da nahawu, wannan kuwa daidai ne, amma ƙidayar Hausa ma fage ne na nazari da ke jiran ma'aikata. Ya kamata a tattara tsofaffin kalmomin ƙirga daga bakin dattawan Kwari da 'yan goro tun suna raye, a shirya 'yan ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo domin iyaye mata. Kafin nan kuma, kowane ɗayanmu yana da ƙane ko ƙanwa a gida. Idan an tafi hutu, a nemi tsakuwa goma a zauna da su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.