Zuwa ga Maɗoran Kutama da Kewaye: Ku Sassauta Ɗauri

Iyayenmu masu ɗori na Kutama da Getso da Lakwaya, har zuwa Kabo da Garo, Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Da zarar an kai amfanin gona gida, filayen ƙwallo da dandalin kokawa da dambe suka cika, zaurukanku ake fara nufa da yaron da aka taka wa idon sawu ko ɗan damben da wuyan hannunsa ya kumbura. Roƙona ɗaya ne: kada ku ɗauki kowane kumburi a matsayin karaya. Yawancin abin da wasa ke jawowa targaɗe ne ko yagewar tsoka, ƙashi kuwa lafiyarsa lau. Irin wannan rauni yana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, domin jini na tsiyaya a ciki. Murza da ƙarfi da gashi da ruwan zafi a waɗannan kwanaki ƙara zubar jinin suke yi, har cinyar da ta sha duka a ƙwallo takan tsirar da ƙashi a cikin tsoka idan aka matsa mata da tausa. Abin da wurin ke so da farko hutu ne, da ruwan sanyi, da ɗaga ƙafar sama. Man shanu da tausa mai laushi su biyo baya idan kumburi ya sace.

Babban haɗarin yana cikin ɗauri. Gaɓa tana kumbura, kara da tsumma ba sa buɗewa, sai hanyar jini ta toshe, tsokar da jini ya yanke mata kuwa cikin kamar awa 6 take fara mutuwa. Idan zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka yi sanyi, ko suka dushe, ko yaro ya ce ba ya jin su, ku kwance nan take, a tafi Babban Asibitin Gwarzo ko da tsakar dare ne. Kada a ce masa ya daure, namiji ne. Gwiwar hannun ƙaramin yaro tana cikin wuraren da suka fi saurin wannan ɓarna, saboda babbar jijiyar jini a jikin ƙashin take bi.

Na san amsarku: a asibiti yanke ƙafa ake yi, kuma kuɗin ya fi ƙarfin manomi. Maganar kuɗi gaskiya ce, ita ce ma ta sa jama'a ba za su daina zuwa wurinku ba. Amma hoton ƙashi guda bai kai kuɗin jinyar ƙafar da ta ruɓe ba, kuma likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki a Kano tun 1959, wadda ta riga ta mutu a cikin ɗauri suke yankewa don ceton rai. Da ta iso ranar farko, sau da yawa filasta ko ɗan aiki ya isa.

Wasu za su ce gado ne, kakanni ba su san hoto ba, tura mutum gaba kuma zubar da girma ne. Kakanninku ba su ga babur yana gudu a titin Gwarzo ba, da sun sami abin da ke nuna cikin ƙashi da sun yi murna da shi. A Amurka akwai masu gyaran gaɓoɓi da hannu, sana'ar da Daniel Palmer ya kafa a 1895. Yau sai sun koyi karanta hoton ƙashi sun karɓi lasisi kafin su taɓa kowa, kuma hakan bai kashe musu kasuwa ba. Ga misalin abin da ya kamata ku tura gaba: gwiwar ɗan ƙwallo da ta yi ƙara lokacin faɗuwa, ta riƙa sulluɓewa idan ya taka, alama ce jijiyar da ke riƙe gaɓar ta tsinke, ɗori ba ya haɗa ta. Ku tura shi Dala, likita ya duba, masu gashin ƙashi su ɗora shi kan motsa jiki kafin ya koma fili.