Idan burs ya makara, ƴar kasuwa ce ke ranta wa gomnati

 Yau maganar ɗaliban jami'ar Yamai nake son mu yi, waɗannan da ba mu tunawa da su sai ranar da hayaƙin taya ya tashi daga Harobanda, mai taksi ya ƙi ɗaukar mai zuwa ƙetare, mai kayan miya da ta saro tumatir da salati a garaken bakin kogi ta tsaya da kwandonta a bakin gada rana na dukanta. A irin wannan rana maganar da ake ji a Katako da Wadata da Babbar Kasuwa ɗaya ce: yaran nan ba su da aiki, gomnati na ba su kuɗi, tana ba su abinci, tana ba su ɗaki, amma kullum su ne bisa titi.

Fushin yana da dalili. Wanda kayansa suka ruɓe ba a ce masa ya yi haƙuri da fatar baki. Amma akwai abin da ba mu lura da shi. Duk lokacin da kuɗin ɗalibai suka makara, akwai wanda ke biya a madadin gomnati, kuma wannan mai biyan ɗan kasuwa ne, sau da yawa ma mace ce mai tukunya ɗaya da benci biyu.

Da yawa cikinmu sun yi shekara ashirin a Yamai ba su taɓa shiga jami'ar nan ba, don haka bari in ɗan bayyana ta. An soma ta a shekara ta 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin da ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar zafin rana, wanda ya rasu a 1991. Har zuwa 2010, da aka buɗe jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, ita kaɗai ce jami'ar gomnati a faɗin ƙasar nan. Duk yaron da ya samu BAC, daga Gaya har Bilma, nan yake nufa. A 2014 an ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, amma cunkoson Yamai bai tafi ba, don masu samun BAC ƙaruwa suke yi, ɗakunan kwana kuwa ba su haihuwa.

Shi ya sa aka samu abin da ɗalibai ke kira ambasad. Wanda ya ji sunan zai zaci wani babban gida ne mai tuta da mai gadi. Rumfuna ne da ƴan ɗakuna inda ƴan gari ɗaya ko yanki ɗaya suke taruwa: nan ƴan Dogonduci, can ƴan Mirya, gaba ƴan Madawa. Sabon ɗalibi da ya sauka tasha da jakarsa, bai san kowa ba, nan ake karɓarsa, a ba shi gefen tabarma, a nuna masa inda ake rajista. Wanda bai samu wuri a nan ba sai ya haɗa kuɗi da mutum huɗu ko biyar su kama ɗaki ɗaya a Karaje ko Kirkisoy ko Lamorde. Da asuba a yi sammakon kama wurin zama a amfi, wato babban zauren da ake ba da darasi, don wanda ya makara a tsaye zai yi rubutu, ko ta taga. Da rana a bi layin resto da tike a hannu, ƙarƙashin ofishin da tsofaffin ɗalibai suka sani da CNOU, na yanzu suke kira CROU. Ranar da resto bai dafa ba, ko layi ya ƙare kafin a zo kanka, sai a fito bakin titi. Wurin wa? Wurin mai shinkafa da wake, mai dambu da kopto, mai shayi da burodi, mai tebur.

To, nan ne maganar burs take shigowa. Burs shi ne kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB take biya, kuma ba kowane ɗalibi ke da shi ba. Waɗansu ɗan taimako ne kawai suke samu sau ɗaya a shekara, waɗansu ko wannan babu. Masu burs ɗin ma ba wata-wata ake ba su kamar albashi ba, sai an tara wata uku. Shekara da shekaru, gomnati bayan gomnati, ta soja da ta farar hula, wata ukun nan yana zama huɗu, yana zama shida. Cikin ɗalibi kuwa bai san lissafin baitulmali ba. Kullum sai ya ci.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce wata uwa tana sayar da abinci kusa da ƙofar jami'a, tana da ɗalibai 20 da take rubutawa a karne, kowa na cin na dala 50 a wuni. Jikka 5 ke nan kullum. A wata uku ya zama jikka 450. Wannan kuɗi daga ina ya fito? Daga jarinta. Ita ma ba ta da shi a ƙasa, sai ta je Katako ta ɗauki buhun shinkafa da galan ɗin mai bashi wurin mai shago, mai shago ya ɗauka wurin babban dillali. Idan burs ya fito kan lokaci, kuɗin ya bi hanyarsa ya koma, kowa ya numfasa. Idan ya ƙara wata biyu, jikka 450 ta zama 750, zubin adashinta ya tsaya, mai shago ya daina amsa gaisuwarta. Ba ta sa hannu kan wata takarda da ministan kuɗi ba, amma ita ce ta ciyar da ɗaliban da gomnati ta yi alkawarin ciyarwa, babu riba, babu godiya. Haka mai gidan haya, haka mai fotokopi, haka mai wanki. A 2023 da 2024, lokacin da rufe iyakar Benin ya sa farashin shinkafa da mai ya yi sama, kwanon da take zubawa bai canza ba a idon ɗalibi, amma abin da ta kashe wajen cika shi ya canza.

Ku kwatanta da kanku. Ɗan kasuwa ya makara wajen biyan patanti, a zo a sa wa shagonsa kwaɗo, a ɗora masa tara. Mai rumfa ta kasa biyan tiken kasuwa, a ɗauke mata faranti. Idan gomnati ce ta makara, tarar wa take biya? Wa ke sa mata kwaɗo?

Hasara ta biyu ta fi wannan girma, kuma ta shafi duk mai ɗa ko ɗiya a can, ko da rumfarsa tana Bukoki, nesa da kogi. Bisa tsarin karatu, digirin farko da ake kira lisans shekara 3 ne. Ku tambayi maƙwabta nawa ne ɗansu ya gama shi a shekara 3. Ɗalibai su ƙaurace wa aji don burs, su dawo, malamai su shiga yajin aiki don nasu haƙƙin, su dawo, a rufe jami'a, a buɗe. Shekarar karatu ɗaya ta hau kan ɗaya, waɗanda suka samu BAC bana su zo su tarar na bara ba su gama zangon farko ba. A 2018 malamai sun yi makonni ba su shiga aji ba bayan da aka ci zarafin ɗayansu, aka kori shugabannin ɗalibai, rikici ya tashi, aka rufe wurin kwana. A 2019 kuma takaddama ce tsakanin ƙungiyar malamai ta SNECS da gomnati kan wa zai zaɓi shugaban jami'a. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma uban da ke aiko jikka 10 duk wata daga ribar goro ko ta atamfa, shi ba a tambaye shi ba. Ya yi shirin shekara 3, ya biya 5. Shekara 2 na banza, jikka 240 ke nan, ban da kuɗin mota da na magani, ban da albashin da yaron zai soma kawowa gida da ya gama a kan kari.

Na ɗiya mace ya fi ciwo. Iyaye sun yi ta maza sun bar ta ta wuce BAC, dangi na ta surutun aure, ta zo Yamai ba ta samu ɗaki ba, aka ajiye ta gidan wata gwaggo, ta zama mai shara da wanke-wanke kafin ta kama faba-faba zuwa aji. Duk watan da karatu ya tsaya, bakin masu cewa a cire ta ƙara ƙarfi yake yi. Duk watan da burs ya makara, masu manyan motocin da ke zagaya unguwar bayan magariba sun san da haka sarai. Iyayenmu mata sun fahimci abin da nake nufi, ba sai na ƙara ba.

Me ya sa ɗalibai suke nufar gada duk lokacin da ransu ya ɓaci? Jami'a tana ƙetare, ofisoshin gomnati suna wannan gefen, kuma tun 1970 gadar Kenedi ce hanya, kafin a yi ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai sun taso don nuna ƙin tsarin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya kawo wa ilimi, aka buɗe musu wuta a bakin gadar, hukuma ta ce uku sun mutu. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, inda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna a matsayin ɓangare mai cikakkiyar murya. Jaridu masu zaman kansu irin wadda kuke riƙe da ita, da gidajen rediyon da kuke kira kuna faɗin ra'ayinku, daga wannan ƙofar suka shigo. Ranar 10 ga Afrilu 2017 kuma ɗalibi Malah Bagale ya rasa ransa a wata zanga-zangar da bashin burs yake cikin dalilanta. Shekara 27 tsakanin ranakun nan biyu, kuma kukan kusan ɗaya ne.

Wannan tarihi bai ba ɗalibi izinin komi ba, kuma ƙannena ɗalibai su ji ni da kyau. Minista ba ya sayar da tumatir. Idan kun tare hanya kun ƙona taya, motarsa tana da wata gadar da za ta bi, wadda ta ci hasara ita ce matar da ta ba ku bashin abincin jiya. Masu tsaron oda na ƙungiyarku, ƴan CASO, sun sha kai hannu inda bai kamata ba, ku da kanku kun sani. Sannan akwai wani hali da masu kiran waya a shirinmu na rediyo suka sha kokawa da shi: burs ya fito, ɗalibi ya wuce kai tsaye ya sayi sabuwar salula da takalmi, ya canza hanya don kada mai abinci ta gan shi. Wanda ke zagin gomnati don ta riƙe masa haƙƙi, shi kuma ya riƙe na marainiyar tukunya, da wane baki zai yi magana? Gobe shi ne alƙali, shi ne ɗan duwan, shi ne likita a Lamorde. Hannun da ya saba da cin bashin dala 50 ba zai ji nauyin miliyan ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne shirun ƴan kasuwa. Muna da sandika, muna da wakilai a majalisar ƴan kasuwa, mata suna da ƙungiyoyinsu a kowace kasuwa. Idan aka ƙara haraji ko kuɗin duwan, kwana ɗaya ya isa a ji muryarmu, har a rufe kasuwanni. Amma maganar jami'a mun bar ta tsakanin ɗalibai da malamai da jandarmomi, kamar ba ɗiyanmu ba ne, kamar ba kuɗinmu ke ciki ba. Ban ce a nemi ƙarin burs ba, wannan magana ce ta aljihun ƙasa, kuma kowa ya san halin da ake ciki na tsaro da tsadar rayuwa. Abin da za a nema bai kai nan ba: a tsayar da rana. A ce ran kaza ga wata kaza ake biya, a faɗe ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci, idan za a saɓa a fito a faɗi dalili kafin ranar ta zo. A ce ran kaza ake buɗe shekarar karatu, ran kaza ake rufe ta. Ɗan kasuwa yana iya jure kaya mai tsada, abin da ke karya shi shi ne kayan da ba a san ranar isowarsu ba. Mai abinci da ta san ranar biya za ta san iyakar bashin da za ta bayar, uban da ya san ranar gamawa zai san buhu nawa zai sayar.

Kafin a kai can, uwa mai karne, ki rage wa kanki hasara. Kada ki rubuta sunan ɗalibi kawai, don Musa da Abdu sun fi ɗari a can. Ki rubuta fannin da yake karantawa, da shekararsa, da garinsu, da ambasad ɗin da yake kwana. Kowace ambasad tana da manyanta, kuma ba su son a ce ɗan garinsu ya gudu da kuɗin mai abinci, don gobe sabon ɗalibinsu ne za a hana. Idan burs ya fito kwana uku ba ki ga mutuminki ba, kada ki tsaya jiran ya biyo ta gabanki. Ɗauki karnenki ki tafi wurinsu da la'asar, lokacin da suke zaune shan shayi.