MOTAR ASIBITI TA SHUGABA CE KO TA TALAKAWA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa ganin zuwan shugaban ƙasa Jihar Kebbi ya san yadda ake yi. Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, ya kuma zo bikin kamun kifi na Argungu a Maris 2020. A irin wannan rana ba sojoji da 'yan sanda kaɗai ake jerawa ba. Cikin ayarin akwai motar ɗaukar marasa lafiya, tankinta cike da mai, da likita da ma'aikatan jinya, suna tsaye tun safe don mutum guda wanda lafiyarsa lau.

Ba mu ce kada a tsare ran shugaba ba. Tsare rai wajibi ne, faɗuwar shugaba kuwa fitina ce ga al'umma. Su ma ma'aikatan ba mu zarge su ba, umarni aka ba su. Tambayarmu ga masu ba da umarnin ce: tun da kun nuna kun iya, ina wannan iyawa take shiga in jirgi ya tashi?

A je Ƙaramar Hukumar Bagudo a gani. Matar da naƙuda ta tsananta gare ta a wani ƙauye bayan Illo ko Ka'oje, a kan babur ake ɗora ta, ko a kwalekwale in damina ta cika kogin Kwara. Mutumin Tsamiya, Segbana ta ƙasar Benin ta fi masa kusa da Birnin Kebbi nesa ba kusa ba. Haka Malanbil take ga mutumin Lolo. Amma da gwamnati ta rufe iyakoki a Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, buhu aka yi ta lissafawa, ba majinyaci ba. Jami'an tsaro sun iso bakin iyaka nan da nan. To me ya hana motar asibiti bin wannan hanyar?

Kada wani ya ce mana babu kuɗi. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu don lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba. A 2017 shugaban ƙasa ya yi fiye da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan, matarsa kuma ta fito fili ta koka cewa asibitin fadarsa ma ba shi da sirinji. Subhanallahi!

Magabata ba haka suka fahimci mulki ba. A shekarar yunwa ta Ramada, 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu. Tantin Rufaida Al-Aslamiyya kuwa a masallacin Madina aka kafa shi, don masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su.

Motar nan da kuɗin baitulmali aka saye ta. Muna kira ga Gwamnatin Kebbi da ta ajiye irinta a Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, da direba da mai da ma'aikacin jinya, dare da rana. Limaman Juma'a na waɗannan garuruwa kuma su riƙa tambayar ciyaman da 'yan majalisa a gaban jama'a, duk ranar da suka shigo sahu.